Giɓin da Ke Jikin Salatif

Ni ne Sha-kwana. Direbobi ne suka raɗa min sunan tun ina jan manyan motoci, saboda ba na taka birki a kwana sai na ga dama. Yanzu da na tsufa nakan ce musu sunan ya ci biyu, don kwanakin duniya ma na sha su. Na faɗa kogi da tirela na fito da hulata a kaina. Taya ta fashe min a gangaren dutse na sauko da kaya ko ƙwarzane babu. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi, amma in inji ya yi tari a bayan katanga sai in faɗa maka abin da ke damunsa.

Da na ajiye manyan motoci sai na sayi wata 'yar motar tsere, ja, mai kujera biyu, cikinta kamar ya shafi ƙasa. A mace na same ta a bayan wani gareji, kaji na ƙwai a cikinta. Ni na tayar da injin da hannuna. Wayoyinta kuwa aminina ne ya yi, Bahago, mai gyaran wutar mota, wanda muke tare tun gashinmu yana baƙi. Kujerar gefe tasa ce. Ni nake tuƙi, shi yake karanta min allunan hanya, yana tsokanata wai ba don shi ba da tuni na kai mu wata ƙasa. Ni kuma in ce ba don ni ba da har yanzu a ƙafa yake yawo da jakar filaya.

Ina da yaya, wadda ta goye ni ina jariri. Tana wani gari mai nisa, ƙafafunta sun ƙi. Na yi mata alkawari a waya zan zo da jar motar in zaga gari da ita, iska ta kaɗa mata mayafi. Ta yi dariya har da tari, ta ce in yi sauri don ba ta da lokacin jiran yaro. Yaro, ni da furfurata. Tsakanina da ita akwai doguwar hanya a daji, ba gida ba gidan mai, ga mararraba barkatai.

Ana cikin shirin tafiyar ne wani mai baron lemo ya shigo min hanya da yamma, Bahago yana gefena. Baronsa kawai na goga, lemo ya watse, babu wanda ya ji ciwo. Amma labari ya riga ni isa gida. Autata, wadda take kula da ni tun rasuwar uwarta, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce in ba ta makulli, wai idona ya rage. Na ce mata idon da ya ga duniya tun ba a haife ta ba, ba shi zai kasa ganin baro ba. Na sa makullina a aljihu na wuce.

Ba a jima ba allurar mai ta fara hauka. In cika tanki, in fita, allura tana tsaye a sama kamar soja. Da na taka ɗan rami sai ta faɗi ƙasa warwas. In ƙara gaba ta miƙe, ta yi rawa a tsakiya, ta sake kwanciya. Wani zai ce to mene ne, ai ka san ka sha mai. Ni ba na karanta lambobin da ke ƙirga tafiya. A duk abin da ke gaban direba, allurar nan kaɗai nake karantawa. Wuyan tankin motar a lanƙwashe yake, sanda ba ta shiga balle in auna. Jarka kuwa ba na ajiye ta a bayan ƙeyata, na ga yadda mota ke cin wuta.

Akwai kuma wani abu. Ina saurayi mai ya taɓa ƙare min a wani daji da ba ruwa ba inuwa. Ruwan lagireto na sha har aka tsince ni. Kowa a tasha ya san wannan labarin, don ni nake ba da shi, kuma da daɗi nake ba da shi. Abin da mutum ɗaya tak ya sani a duniya shi ne a dajin nan na yi kuka ina kiran uwata, kuma tun ranar in allura ta sauka ƙasa da rabi tafin hannuna jiƙewa yake. Wata rana muna hanya na faɗa wa Bahago. Ko matata har ta rasu ba ta sani ba.

Na ɗage tafiya, muka duƙufa a kan mota ni da shi. Na fara da fis ɗin wuta, lafiyarsa lau. Na ƙwanƙwasa gilashin agogon man da ɗan yatsa ko allurar ce ke maƙalewa, ba ita ba ce. Muka cire kujeru, na kwance murfin da ke saman tanki, na zaro ƙwallon da ke yawo a kan mai, wanda yake gaya wa allura inda mai ya tsaya. Na girgiza shi a kunnena ko ya huje ya sha mai, shiru. Na ɗaga sandarsa a hankali na sauke, allura ta bi ni tiryan-tiryan kamar 'yar makaranta. Muka mayar, na fita gwaji, ramin farko ta faɗi.

Na ce wa Bahago wannan ciwon waya ne. Ya ɗauko ƙwan gwajinsa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce wayoyinsa ba sa ciwo, in nemi laifin a wajena. Na yarda, don a harkar waya ban taɓa sa masa baki ba. Na canja agogon gaba ɗaya. Na canja ƙwallon. Na sauke tankin na wanke shi, bayana ya riƙe har sai da Auta ta gasa min. Duk wannan wahalar Bahago yana gefena yana riƙe min tocila, yana miƙo min sifana, yana cewa motar ce ta tsufa kamar mai ita. Yaya kuma duk sanda ta kira sai ta tambaya ko jar motar ta koma wa kajin ne.

Ranar da abin ya fito, Bahago ya je asibiti a duba masa gwiwa. Da hantsi na zauna ni kaɗai a cikin motar, na ce yau ko ni ko wayar nan. Na kama ta daga saman tanki na bi ta da yatsa, don yatsuna sun fi idon saurayi gani. Ta bi ta bayan kujera, ta shige ƙarƙashin kafet. Na ɗaga kafet ɗin, na ci gaba da lalube, sai na ji ƙulli. A wurin da babu dalilin haɗi, an yanke waya an sake haɗawa, an naɗe da baƙin salatif, sabo fil, ko ƙura bai sha ba.

Na warware shi a hankali. Silin waya ƙwaya biyu kawai aka bari suna taɓa juna, yadda mota na girgiza za su rabu, ta daidaita su koma. Wannan ba aikin ɓera ba ne, ba kuma tsufa ba ne, aikin gwani ne. Murɗin kuma ta hagu aka yi shi. Duk da haka na ce a raina bahagwai suna da yawa a gari. Sai na shafa bakin salatif ɗin. Bahago bai taɓa yanka salatif da reza ba, da haƙori yake gatsawa, kuma yana da giɓi a gaba, tun wani kan sifana da ya kuɓuce min ya same shi muna samari. Duk salatif ɗin da ya gatsa sai ya bar ɗan harshe a tsakiya, inda haƙorin babu. Na sha yi masa dariya a kan haka. Harshen yana nan a ƙarƙashin yatsana.

Na cusa salatif ɗin a aljihu. Kogi bai kayar da ni ba, gangaren dutse bai kayar da ni ba, sai ɗan guntun salatif.

Washegari da safe na same shi a shagonsa yana shan shayi, ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan tsohon batir.

“Bahago, buɗe bakinka.”

“Sha-kwana, lafiya? Likitan haƙori ka koma?”

Na ajiye salatif ɗin kusa da kofinsa. Ya dube shi, ya dube ni, dariyar ta bushe. Bai yi musu ba, wannan kam na ba shi. Ya ce Auta ce ta zo ta durƙusa masa tana kuka, ta ce ya kashe motar gaba ɗaya. Shi kuma ya ce mata in ya kashe inji, kafin azahar na tayar da shi.

“Sai na ce ta bar min, na san inda zan taɓa.”

“Ka san inda za ka taɓa,” na ce. “Wa ya nuna maka wurin?”

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da babu sauran sukari a ciki. Can ya ce ranar mai baro shi ya fizgi sitiyari, ba ni ba, kuma wai na sani. Ƙarya ne, hannuna ya riga nasa. Ya ce ya gwammace in yi fushi da shi da a kira shi ya je ya gane gawata a gefen hanya. Na ce da ya faɗa min a fuska, da mun yi faɗa mun shirya kamar yadda muka saba. Ya ce ai ya faɗa, wai ni ne na ce masa shi ya je ya sayi tabarau.

“To da ka sace makullin,” na ce masa. “Da ka fasa tayoyin, da ka zuba min yashi a inji. Duk zan yafe. Amma abin da na faɗa maka a hanya, wanda ko uwar 'ya'yana ba ta ji ba, shi ka ɗauka ka yi aiki da shi. Kana riƙe min tocila kana kallon hannuna yana jiƙewa.”

Ya kira sunana na gaskiya, wanda rabon da in ji shi a bakinsa har na manta. Ban waiwaya ba.

Auta na yafe mata tun a ranar. 'Ya ce, tsoro ne ya kai ta, kuma ba ta san da me aka yi aikin ba. Na haɗa wayar da kaina, murɗin dama, na yanka salatif da reza. Na fita na bi duk ramukan unguwa ɗaya bayan ɗaya, allura ko gezau. Na cika tanki, na wanke mota, na sa jakata a kujerar gefe, na kama hanyar gidan Yaya.

A mararrabar farko bayan gari na tsaya. Allo ne babba kore, da rubutu fari da kibiyoyi, hanya ta rabu uku, duk sababbi, ba waɗanda na sani da tirela ba. Na juya gefe zan ce karanta min, sai na ga jaka. Inji yana ta gurnani, tanki cike, allura tsaye a sama. Na tambayi wani mai babur, ya nuna min hanya, ya ce amma akwai irin wannan mararrabar da yawa a gaba, kuma cikin dajin ba lallai in sami wanda zan tambaya ba. Na juya kan mota na koma gida. Abin da suka nema sun samu.

A motar haya na je wurin Yaya. Na zauna a bayan direba, wani ɗan saurayi da ke taka birki tun kwana ba ta zo ba, yana ce min Baba a gyara ƙafa. Na leƙa agogonsa, allurar mai a kwance take, da gani ta mutu tuntuni, shi kuwa ko a jikinsa. Da na isa, Yaya ta sa aka fito da ita bakin ƙofa a kujera, ta sha sabon mayafi. Ta leƙa bayana tana neman jar mota, sannan ta tambaye ni ina Bahago. Na ce mata gwiwa ke damunsa.