Sunan da Balaraba Ba Ta Faɗa

Tun ranar da aka ɗaure Arzika saboda ya fasa kan maƙwabcinsa a rikicin iyakar gona, uwarsa Balaraba ba ta tambayi kowa labarinsa ba. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, kuma mutanen Argungu suna yaba mata wannan kunyar, tunda yabo ba ya cin kuɗin kowa.

Abin da take yi shi ne ta sayar da shinkafar da ta turara, ta ƙulle cinikin a tsumma, ta miƙa wa Dikko ɗan ƙanenta, mai kai albasa Birnin Kebbi, inda Arzika yake ɗaure.

"A ba wancan," take cewa, tana kallon bango.

Dikko yakan dawo da saƙo mai daɗi. "Goggo, yana godiya ƙwarai. Har ƙiba ya yi. Ya ce Allah shi saka miki da Aljanna."

Godiyar ce ta fara damunta. Arzika bai taɓa gode wa kowa ba. Ko tuwo aka ba shi, sai ya ce miyar ta yi ruwa. Sannan ga sabon agogo a hannun Dikko, a shekarar da albasa ta ruɓe wa kowa. Amma ta yaya za ta bincika? Uwar da ba ta kiran suna ba ta da bakin tambayar me ya ci, me ya ce. Dikko ya san haka sarai.

"Ya ce wani abu kan gonar?" ta yi ƙarfin hali wata rana.

"Wa, Goggo?" in ji Dikko, yana murmushi.



Ranar kasuwa ta ce za ta gaida mara lafiya, ta hau a-kori-kura zuwa Birnin Kebbi, ƙullin tsumman a cikin zanenta. A ƙofar gidan yari ta tarar da gandiroba yana cin goro.

"Inna, wa kika zo gani?"

"Wani yaro, mutumin Argungu."

"Rabin gidan ga mutanen Argungu ne. Mi as sunanai?"

Ta duba hagu, ta duba dama. Babu wanda ya san ta.

"Arzika," ta ce. Ta ji sunan kamar baƙo a harshenta.

"Dogon nan mai gardama? Ai tun kafin damina aka maida shi Sakkwato. Ba wanda ya taɓa zo mishi, har muna tsammani ba shi da kowa."

Balaraba ta ƙara matse ƙullin a ƙugunta. Ta tambayi inda ake shiga motar Sakkwato, sannan ta juyo.

"In na isa can, Arzika kawai zan ce, ko sai na haɗa da sunan ubansa?"