Sai An Kira Magariba

Tarsinah na gudu a bayan gadon da ake turawa, takalminta ɗaya ya tsinke tun a ƙofar asibiti, ko waiwaye ba ta yi ba. Mijinta Darsun ne a kai, an tallafe masa wuya da roba. Da safe ya hau bishiyar kwakwa don sauko da ruwan furen da ita take dafawa ya zama mazarƙwaila, reshen da ya kama ya ɓalle da shi. A kan ƙyauren ɗaki maƙwabta suka kwaso shi.

Bayan an ɗauki hoto, likitar, wata siririyar mata mai saurin magana, ta ja ta gefe.

"Ƙashin bayansa ya karye, ya danne laka. Amma da na tsikare shi a ƙafa ya ji, kin ga ke nan ba ta mutu duka ba. In muka ɗaga ƙashin yau, akwai sa rai ya taka. Ba alkawari nake miki ba, amma laka ba ta jira. Akwai ɗakin tiyata bayan azahar."

"A yi, Likita. Don girman Allah a yi!"

"Ba za a yi ba."

Uwar Darsun ce, tsohuwa Rasem, tsaye da ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba. 'Yar ficiciya da ita, amma in ta kafe ko ɓauna ba ta jan ta.

"Yau Laraba, kuma ranar kasuwar Wage. A kanta ubansa ya cika."

Kowa a ƙauyensu ya san wannan. Duk sanda ranar mako da ranar kasuwar da mahaifin mutum ya rasu a kansu suka sake haɗuwa, ba a ɗaura aure, ba a rufa ɗaki, ba a doguwar tafiya. To balle a sa wa mutum wuƙa a baya! Ita ma Tarsinah da haka ta tashi. Sai dai yau ji take kamar ta ɗauki tsohuwar ta ajiye a waje.

"Yung," ta ce, yadda suke kiran uwa, "ƙafafunsa fa ake magana."

"Ni ransa nake magana. Wa ya ce masa ya hau bishiya yau? Ban hana ba? Wata mai bakin tsiya ta ce ruwan zai yi tsami. To ga tsamin nan kwance."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ita ce ta matsa masa ya hau.

Likita ta ce jikinsa ne, kuma yana cikin hayyacinsa, shi za a tambaya. Ta sunkuya ta yi masa bayani dalla-dalla. Darsun, ƙaton da ke hawa bishiya ba igiya, ya juyo da ido wajen uwarsa kamar ɗan yaye.

"Yung, yaushe ranar za ta fita?"

"Da an kira magariba, ɗana."

"To a bari sai magariba, Likita."

"Kang!" Tarsinah ta kira shi yadda matansu ke kiran miji, ta riƙe ƙarfen gadon. "Kang Darsun, ka ji abin da ta ce kuwa?"

"Na taka ranar sau ɗaya, Nah, kin ga inda ta kai ni. Tsoro nake ji wallahi."

"Ɗakin ba zai zauna yana jiranku ba," in ji likita. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tafi.

Haka yinin ya tafi. Tarsinah ta durƙusa ta kama ƙafar surukarta, ta roƙa, ta yi kuka har ta shiɗe. Ta ce in wani abu ya faru a ɗora mata, ta ɗauka duniya da lahira. Tsohuwa ta ce, "Ke da za ki iya yin wani mijin? Ni ina zan samo wani ɗan?" Ita ma hawayen take yi. Abin haushin ke nan, da mugunta ce da an san yadda za a yi da ita. Sau biyu likita ta aiko nas ta ji ko sun sake shawara, sau biyu Darsun na rufe ido.

Tarsinah ta koma bakin taga tana kallon rana. Ba ta taɓa ganin rana mai nawa irin ta yau ba. Ta tsane ta.

Da ladan ya ɗaga murya a masallacin asibitin, tsohuwa ta miƙe da fara'a. "Alhamdu lillahi, ta wuce. Maza kira likitar, yanzu su yanka yadda suke so."

Da ƙafa ɗaya ba takalmi Tarsinah ta isa teburin nas tana haki.

"Mun yarda! A gaya wa likita mun yarda!"

"Ayya. Ta shiga da wani yaro da babur ya kayar, danginsa ba su tsaya jira ba. Aikin mai tsawo ne, kuma akwai wani a bayansa. Naku sai gobe, in Allah ya kai mu."

"Babu wani likitan?"

"Na laka ita kaɗai ce."

Ta dawo tana jan jiki ta faɗa musu. Tsohuwa ta lissafa da yatsu, fuskarta ta washe.

"Gobe Alhamis, ranar kasuwar Kliwon. Kai, madalla! Ranar ba ta da aibi ko kaɗan."

 Tarsinah ta zauna a ƙarshen gadon, ta zura hannu ƙarƙashin mayafi ta kama ƙafar mijinta. Ta matsa. Ta ƙara matsawa, har ta nutsa farce a tafin, idonta a kan fuskarsa.

Darsun na kallon rufin ɗakin.

"Nah," ya ce a hankali, "zo ki ɗan riƙe min ƙafar nan mana."