Layi na Tara

Karo na uku ke nan tana ciro takardar daga jaka tun da ta zauna a bencin asibitin. Ta gyara tabarau, ta karanta abin da ta riga ta haddace: "Gyara. A hular jarirai, layi na tara, a rage madauki ɗaya, ba biyu ba. Kuskuren nawa ne." Ta ma ja layi a ƙarƙashin maganar ƙarshe da jan biro, irin jan da ta yi shekara talatin da ɗaya tana yi wa ɗalibai a ajin lissafi.

Shekara goma sha huɗu ke nan tana da shafin saƙa a intanet. Ta buɗe shi ne bayan rasuwar maigidanta, lokacin da gidan ya yi mata faɗi har tana jin ƙarar agogon falo daga kicin. Ƴarta, ma'aikaciyar jinya a wannan asibitin, ita ta ajiye mata tsohuwar kwamfuta a kan teburin cin abinci, ta ce ta samu abin yi ko ta daina gardama da rediyo. Hoton farko da ta sa na safa ne, rabinsa babban yatsanta. Mutum bakwai suka gani, kuma ta san biyar a cikinsu.

Daga baya abin ya yi yawa. Masu karatu suka sa mata suna Gwaggon Saƙa. Wata ta rubuto mata daga gadon asibiti tana tambayar yadda ake juya dunduniyar safa. Wani direban babbar mota ya ce da shafinta ya koyi saƙa a wurin jiran lodi, amma don Allah kada ta faɗa wa kowa. Ta yi faɗa da masu cewa saƙa ba ta tafiya da bahago, ta yi da masu cewa zare mai tsada shi ne mai kyau. Duk abin da aka ce "haka aka saba", sai ta ce a kawo hujja. A kan teburin nan ta tsufa, ga kofin shayi da ya huce, ga ƙwallon ulu yana gangarawa ƙarƙashin kujera.

Yanzu kamfanin da ke riƙe da shafin ya ce zai rufe a ƙarshen wata. Ƴarta ta ce a tattara darussan a buga ɗan littafi kafin su ɓace, kuma yau da yamma mai bugawa zai karɓi na ƙarshe. A wajen bitar ne ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta bi rubutun kanta layi-layi da tsinke a hannu, kamar sabuwar ɗaliba. Hular ta fito da ɗan naɗi a saman kunne ɗaya. Ta warware, ta sake, naɗin ya dawo. Hular da ke hoton shafin lafiya lau take, domin hannunta ya san daidai. Yatsan da ya buga rubutun ne ya yi ƙarya. Shekara goma sha uku, ba wanda ya ce mata uffan.

Ƴar ta ce mata hula ce fa, ba allurar majinyaci ba. Ita kuwa ta ce biyu ba ɗaya ba ce, ko a hula.

Layin masu ciwon gaɓoɓi da na rigakafin jarirai a baranda ɗaya suke, sai dai kowa da ƙofarsa. Tana murza yatsunta da suka kumbura, wata yarinyar mace ta zauna kusa da ita da jariri a cinya. Hular yaron koriya ce. A saman kunnen hagu, ga naɗin nan zaune daram.

Ta gaida ta, ta yi wa yaron wasa, sannan ta tambayi inda aka samo hular. Matar ta ce innarta ce ta saƙa. Guda shida ta saƙa tun cikin yana wata huɗu, kowace da launinta, amma ba ta ga wanda zai sa su ba; saura wata guda a haihu Allah ya yi mata rasuwa. Ta ce idon innar ya yi rauni, don haka ita take karanto mata darasin daga waya, innar tana bi.

"Daga shafin Gwaggon Saƙa. Ko kin san shi, Mama?"

"Na taɓa ji."

"Har na haddace. Layi na tara, a rage biyu. Inna ta ce nan hikimar take. Wai don kunne ya samu wurin kwanciya."

Wata mai goyo a gefe ta sa baki, ta ce ai kowa ya sani, hular da ba ta da naɗin kunne iska take shigar wa yaro, surukarta ma ba ta yarda a sa wa jikanta irin waccan. Tsohuwar ta dube ta ta saman tabarau, ta tambaya ko iskar ta san kunnen hagu ne kawai, na dama fa wa ya bar wa. Matar ta ce ita dai haka ta ji. Aka yi dariya.

Sai tsohuwar ta bi layin da kallo. Hula ruwan hoda can kusa da ƙofa, da naɗinta. Wata fara a bayan wata mai dogon mayafi, da naɗinta. Wannan ta kasuwa ce ma, ta gane daga zaren. Wato har masu sayarwa sun ɗauka. Kuskuren da ta yi wata ranar Talata, tana sauri don ruwa ya tafasa, shi ne ya zama abin da surukai ke kafa doka a kansa. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

"Ƴata, idan kuma matar nan kuskure ta yi fa?"

"Haba Mama, an ce malamar lissafi ce." Ta shafa naɗin da yatsa. "Ko ma kuskuren ne, a nan nake ganin hannun Inna. Sauran hular kowa zai iya."

Ta buɗe jakar kayan yaron ta ciro tsinke biyu da saƙa rabi, da ragowar koren ulu duk ya cukurkuɗe. Ta ce kan yaron yana girma, shidan sun kusa yi masa kaɗan, shi ya sa take gwada ta bakwai da zaren da innar ta bari. Kullum a layi na tara take maƙalewa, nata naɗin ba ya fita irin na Inna. Ga shi an ce za a rufe shafin.

Likita ya hana tsohuwar riƙe tsinke fiye da minti goma. Ta miƙa hannu ta karɓa. Yatsun suka yi ƙara, suka yi gardama, sannan suka tuna. Ta nuna mata inda za ta sa tsinken, yadda za ta haɗa madaukan ta janyo zaren ba tare da ta matse ba. Ta rage biyu. Naɗin ya kwanta a wurinsa kamar an aiko shi.

Matar ta riƙe saƙar tana kallo.

Zaren ne ya dami tsohuwar, ba ta iya ganin ulu a hargitse ta ƙyale. Ta laluba jaka tana neman abin da za ta naɗe shi a kai, hannunta ya faɗa kan takardar. Ta ninke ta huɗu, ta fara naɗawa a hankali, jan biron yana ɓacewa a ƙarƙashin kore.

A haka ƴarta ta same ta, cikin farin kayan aiki, tana sauri. Ta ce an kusa kiran lambarta, ta kuma nemi uwar ta ba ta takardar gyaran don ta aika wa mai bugawa kafin ya tashi.

"A buga yadda yake."

"Mama, ba ke kika ce biyu ba ɗaya ba ce?"

"Har yanzu ba ɗaya ba ce," in ji ta, tana miƙa wa uwar yaron ƙwallon zaren. "A bar shi biyu."