Hular Kwanon Baba

Da hantsi na kai wa Baba kunu, na tarar da ɗakin wayam. Innalillahi! Tsoho ne ɗan tamanin da biyu, tun bara kansa ya rikice, wata rana ko sunana sai na tuna masa.

Yayana Zubair ya baro rumfar namansa a guje, yana ta faɗa kamar ni na buɗe wa Baba ƙofa. Muka karaɗe Agege, daga masallaci har bakin titin jirgi, ba wanda ya gan shi. In kuwa tsoho ya ɓata a Legas sai dai addu'a.

Na koma ɗakin ina kuka, sai idona ya faɗa kan ƙusar bango. Babu hular kwanonsa, wadda ya yi leburanci da ita lokacin da ake gina dogon benen nan na Marina. Shekara arba'in da biyar tana rataye a wurin.

"Yaya, Baba aiki ya tafi."

"Ke Umma, kanki ɗaya kuwa?"

"Kai dai zo mu shiga motar danfo."

Awa biyu muka yi a gosulo, ina salati. Muna sauka na hango shi a gindin benen, zaune kan bencin masu gadi, hula a ka, kofin shayi a hannu. Wallahi sai na durƙushe a titi ina alhamdulillahi.

Wani mai gadi ɗan Nijar, Boubacar, ya ce da safe Baba ya iso yana neman oga. Shi kuwa ya gane lamarin, ya ba shi wurin zama. Baba na ta yi musu bayani: "Ƙasan nan duk ruwa ne, sai da muka kafa turakun kankare kafin a ɗora hawa talatin. Fitilar can ta sama, jiragen ruwa take nuna wa hanya."

Na ce, "Baba, mu je gida."

Ya dube ni kamar baƙuwa. "Sai an tashi, baiwar Allah. Ina da jaririya a gida, sunanta Umma. Don ita nake wannan wahalar."

Zubair ya kau da kai yana share ido. Ni kuwa na zauna kusa da Baba na jira. Ƙarfe huɗu na cika, Boubacar ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙofa, ya ce, "An tashi!"

Baba ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya kama hannuna.