Ƙofar Kessinger

Lorraine ta wuce busasshen tafkin adon nan karo na biyu ba ta gamu da Wendell ba, sai gabanta ya faɗi.

Shekara tara ke nan suna wannan tafiya. Kullum ƙarfe bakwai na safe, kafin a buɗe shaguna, tsofaffin unguwa kan shigo Kasuwar Fenwick su yi ta zagaye a ƙarƙashin rufi, don sanyin jihar Ohio ba ya raga wa mai ciwon gwiwa. Kowa ta dama yake bi. Wendell kaɗai, da taurin kansa, yake bin hagu, shi ya sa duk zagaye sai sun yi kiciɓis a bakin tafkin. Ya ɗaga hularsa ya ce, "Har yanzu da ranki, 'yar tsohuwa?" Ita kuma ta ce, "Sai na ga bayanka, tsohon banza." Shinge ɗaya ne tsakanin gidajensu. Tun da aka yi masa aikin zuciya ita take ɗauko shi a mota, domin likita ya ce zagaye uku kullum, ba fashi.

Yau su biyu ne kacal, dusar ƙanƙara ta hana sauran huɗun fitowa. A da kuwa sukan kai arba'in. Shaguna ɗari da ashirin ne a ginin, yanzu goma sha ɗaya suka rage, su ma suna ta numfashi sama-sama. Wasu su ce asibiti za a mayar da wurin, wasu su ce rumbun kaya, wasu su ce rushewa kawai za a yi. Wendell kan ce shi da kasuwar nan tsere suke yi, a ga wanda zai riga wani tafiya.

"Wendell!" ta ƙwala masa kira. Muryarta ta je ta dawo mata.

Ta san inda zai kasance. Daga tafkin akwai wani dogon lungu da ya yi arewa, wanda aka daina kunna wa fitila don rage wuta. A ƙarshensa babban kantin Kessinger yake a da, inda marigayiya matarsa ta yi shekara ashirin tana sayar da turare. Kullum sai ya ratse ya je ya taɓa ƙofar ƙarfen da tafin hannu, sannan ya ci gaba. Lorraine ta shiga lungun tana kauce wa bokitan da aka jera saboda yoyo.

Tana zuwa ta same shi zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofar, hularsa a gefe. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi na keto masa duk da sanyin nan.

"Wayyo Allah! Wendell, me ya faru?"

"Hutawa nake yi," in ji shi da ƙyar. "Ko shi ma an hana?"

"Rufe min baki. Ina maganinka?"

"Na sa a ƙarƙashin harshe. Bai yi aiki ba."

Ta ciro waya ta kira masu agajin gaggawa. Wata yarinya mai sanyin murya ta ɗauka, ta ce motar asibiti na nan kusa, minti biyar. Lorraine ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓa masa, ta riƙe hannunsa. Ruwa na ɗiga cikin bokiti, ɗis, ɗis. Minti biyar suka cika, suka wuce.

"Mama, sun iso filin ajiye motoci," in ji yarinyar. "Ta wace ƙofa za su shigo?"

"Ƙofar Kessinger."

"Lamba nawa ce?"

"Lamba kuma? Haba yarinya, Kessinger! Duk garin nan wa bai san Kessinger ba? A nan na sayi rigar aurena!"

"Ki yi haƙuri, Mama, babu wannan sunan a taswirata. Su ma sun ce ba su ga an rubuta shi ko'ina ba."

Sai a lokacin ta tuna. Shekara goma sha ɗaya da rufe kantin, har haruffan sunan an ɓamɓare daga bango. Su tsofaffi ne kawai ke kiran ƙofofin nan da sunayen shagunan da suka mutu. Ta miƙe ta nufi ƙofar gilashin da ke gefe ta girgiza. Sarƙa ce a jikinta, da ƙaton kwaɗo. Can nesa cikin farin fili ta hango jar fitilar motar tana tafiya a hankali, tana neman hanya. Ta bubbuga gilashin da hannu biyu. Ina! Motar ta sha kwana ta ɓace.

"Sun gwada ƙofa uku, duk a kulle," in ji yarinyar. "Wacce ce a buɗe?"

"Ta wajen masu sayar da abinci. Ita kaɗai ake buɗewa da safe."

"Babu alama a waje, Mama. Ƙofofin takwas ne. Akwai wanda zai fita ya ɗaga musu hannu?"

Mai gadi ɗaya ya rage a duk ginin, shi ma da ya buɗe ƙofa sai ya sauka ƙasa wajen injin ɗumama ɗaki, inda ko igwa aka harba ba zai ji ba. Lorraine ta dubi Wendell. Idan ta tafi, shi kaɗai zai zauna a duhun nan. Idan ta zauna, sai sun gama zagaya ginin. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Je ki," in ji Wendell. Ashe yana jin komai. "Amma in kin kai tafki ki bi ta hagu. Ya fi kusa. Shekara tara ina gaya miki."

"Kada ka kuskura ka yi min wani abu kafin in dawo, ka ji ko?"

"Ina za ni? Duk ƙofofin a kulle suke."

Ta saki hannunsa ta kwasa da gudu, irin gudun mai shekara saba'in da huɗu. Waya na kunnenta, yarinyar na ta tambaya, yana numfashi, yana magana, shekarunsa nawa. Lorraine na amsawa tana haki. Ta wuce tafkin, ta wuce tsohon shagon takalma, ta wuce mai sayar da katifa. Sai da ta ga shagon tabarau a gabanta ta tsaya cak.

Ta dama ta biyo. Ƙafafunta ne suka bi hanyar da suka saba, ba su yi shawara da ita ba. Ta riga ta ci rabin zagaye, komawa baya da ci gaba duk ɗaya ne. Ta ci gaba tana kuka a fili, gwiwarta kamar ana soka mata ƙusa.

Ta faɗa waje ba rigar sanyi, tana kaɗa hannu biyu. Masu agajin suka gan ta. Ta hagu ta kai su, kuma kafin ta ankara har sun iso.

Wendell na nan yadda ta bar shi, sai dai kansa ya karkata, tafin hannunsa ɗaya a jikin ƙofar ƙarfen. Sun daɗe suna danna masa ƙirji. Daga baya babbarsu ta miƙe ta dafa kafaɗar Lorraine.

"Mama, ko da muna tsaye a kansa abin ya faru, ba na jin da mun iya wani abu."

Lorraine ta gyaɗa kai kawai. Ba ta gaya mata zancen hanya ba. Ba ta gaya wa kowa ba, har 'yarsa da ta zo daga nesa aka binne shi ranar Alhamis.

Ranar Litinin ta dawo ita kaɗai a mota. An manna takarda a ƙofar masu abinci, wai daga ƙarshen wata ba za a ƙara buɗewa da sassafe ba. Sauran huɗun na tsaye suna karantawa suna mita. Suka yi mata ta'aziyya, suka kama hanyarsu ta dama, har zuwa tafkin. Ta bi su a baya.

A bakin tafkin ta tsaya ta bar su suka yi gaba. Daga nan zuwa ƙofar masu abinci, idan aka bi ta dama, taku ɗari shida da arba'in ne, wannan ta daɗe da sani. Ta juya hagu ta fara ƙirgawa a hankali, leɓenta na motsi. A taku na ɗari da sittin hannunta ya taɓa ƙofar.

Ta daɗe a tsaye riƙe da ƙarfen mai sanyi. A waje dusar ƙanƙara na sauka kan filin, inda babu mota sai biyar.