Kwalbatin da ke Shafi na Talatin da Ɗaya

Shekara talatin da biyu ya yi a ofishin tsare-tsare na babban birni yana rubuta yadda za a raya karkara, alhali shi kansa ba ya kwana a karkarar sai in an yi rasuwa a dangi. Da ya yi ritaya sai ya kwaso matarsa da kwalayen fayil guda shida ya dawo garinsu, ya gyara gidan mahaifinsa ya zauna. Kafin a yi wata biyu mutanen gari sun laƙaba masa suna Malam Tsari, don ko gaisuwa kuka yi da shi sai ya san yadda ya yi ya gaya maka cewa komai sai da tsari. Ya san zolaya ce, amma ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har yana jin daɗinsa a ɓoye.

Garin na manoman kankana ne. Kowace shekara kankana takan yi kyau a bakin kogi har ta ba mutum sha'awa, sannan rabinta ya ruɓe a gona. Dalili kuwa, tsakanin garin da babban titi akwai wani kwari da kwalbatinsa ya rufta shekara bakwai da suka wuce. Manyan motoci sukan zo bakin kwarin, direba ya sauko ya leƙa, ya girgiza kai ya juya. Sai abin da babur da amalanke suka iya haurawa da shi.

Malam Tsari ya zauna mako uku ya rubuta littafi mai shafi arba'in a kan yadda za a ciyar da garin gaba, ya kira taro a ajin firamare. Mutum goma sha huɗu suka zo, suka takure a kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Ya bayyana musu cewa mataki na farko shi ne kafa kwamiti da kafa allo a bakin gari. Mataki na biyu a jawo kamfanin da zai gina masana'antar lemon kwalba na kankana.

Yayarsa na zaune a bencin gaba. Ta girme shi da shekara takwas, gonarta ta fi ta kowa girma, kuma har yau Auta take ce masa ko a gaban wa.

"Auta," ta ce, "kwalbati fa?"

"Yana ciki, Yaya. Shafi na talatin da ɗaya, mataki na uku."

"To mu fara da na ukun mana."

Ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da sauran mutane ba su sani ba. Ya yi mata bayanin cewa idan masana'anta ta zo, hanya ita da kanta za ta biyo baya. Birkilan garin, wani dogon mutum marar yawan magana, ya tambaya ta ina masana'antar za ta bi ta zo. Aka yi dariya. Malam Tsari ya rubuta tambayar a gefen takarda, ya ce za a duba.

Kamfani goma sha ɗaya ya aika wa wasiƙa. Goma suka yi shiru. Na goma sha ɗayan ya amsa da layi uku, cewa za su turo wakiliya ranar kaza ta ga yanayin wurin. Ya karanta wasiƙar ya fi sau ashirin, kuma duk karantawa sai ta ƙara girma a idonsa. Kafin yamma ya riga ya zaɓi filin da za a gina masana'antar. Ya sa mai fenti ya rubuta allon maraba, ya aro kujerun roba hamsin, ya tsara jawabi. A tsakar gida yake gwada jawabin, matarsa na wanki tana saurare.

"Malam," ta ce masa wata rana, "a wasiƙar nan dai ban ji inda suka ce masana'anta ba."

"Haka harshen ofis yake. Ba a faɗin abu kai tsaye."

"To, Allah ya sa."

Ran da aka sa, ya fito da fararen kayansa waɗanda ya yi bikin ritaya da su, ya sa takalminsa na fata da ya sha mai. Tun ƙarfe tara aka jera kujeru a ƙarƙashin bishiya. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, rana ta take, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wajen sha biyu da rabi sai ga mai waldar garin a kan babur, ya ci birki a gaban teburin.

"Ranka ya daɗe, baƙuwarka tana cikin kwari. Motar ta kafe har cikinta ya zauna a laka."

Malam Tsari ya haye bayan babur, jawabin a naɗe a hannu. Ko da suka isa, rabin gari na can, har da waɗanda suka ce ba su da sukunin zuwa taro. Maza sun naɗe wando sun shiga ruwa, mata na miƙo duwatsu hannu da hannu, birkila na durƙushe yana cusa su ƙarƙashin taya. Babu wanda ya kira su, babu wanda ya raba musu aiki. Wannan abu ya ɗan sosa wa Malam Tsari rai, don haka ya gangara ya tsaya a kan wani dutse domin ya ba aikin tsari.

"Ku saurara! Idan na ƙirga uku, sai a tura gaba ɗaya. Ɗaya..."

Suka tura a kan ɗaya. Taya ta juya da ƙarfi ta watso masa laka tun daga hula har takalmi, ya ja da baya, dutsen ya goce, sai ga shi zaune daɓas cikin ruwa. Motar kuwa ta fita. Aka yi ta sowa, kuma har yau bai tabbatar ba ko don motar aka yi ko don shi.

Wakiliyar kamfanin yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Tana zaune a gaɓar kwarin, Yaya ta yanka mata kankana tana sha, ruwan na bin hannunta. Ya hauro yana ɗiga, ya warware jawabin, ya tarar tawadar ta narke.

"Sannu, Baba," ta ce. "Ba ka ji ciwo ba dai ko?"

"Ko kaɗan, 'yata. Barka da zuwa. In kin huta sai mu je ki ga filin masana'anta."

Ta ajiye ɓawon kankanar a hankali. "Wace masana'anta, Baba?"

Nan ta yi masa bayani cikin ladabi, a gaban kowa. Kamfaninsu ba ya gina komai a ko'ina. Kankana suke saye su kai birni, an turo ta ne ta ga ko motarsu za ta iya shigowa. Ta ce ba ta taɓa shan mai zaƙin wannan ba, amma idan ƙaramar mota ta kafe haka, babba ko kusa ba za ta gwada ba. Ta yi godiya, aka sake taruwa aka tura motar ta haura, ta tafi ba tare da ta ga allon maraba ba.

Kwana biyu Malam Tsari bai leƙa ƙofar gida ba. Ya kwanta a ɗaki yana kallon silin yana yi wa kansa hisabi. Ga mutum, in ji shi a ransa, da ya shekara talatin da biyu yana gyara wa wasu rubutu, ya kasa karanta layi uku. Ga masanin raya karkara da karkara ta zaunar cikin taɓo. Matarsa ta wanke fararen kayan har sau uku, ta shanya su a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su hango ba.

A rana ta uku Yaya ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, birkila na biye da ita.

"Auta, tashi. Jinyar me kake yi?"

"Ina ɗan nazari ne, Yaya."

"Nazarin ya isa haka. Gaya masa," ta ce da birkila.

Birkila ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce duwatsun da aka zuba wa motar baƙuwa sun zauna daram, shi ne jama'a suka ce tunda an fara a ƙarasa. Jiya mutum sittin suka fito. Dutse akwai, yashi akwai, hannu akwai. Abin da babu shi ne manyan bututun kankare da ruwa zai bi ta ciki, in ba su ba damina ɗaya za ta share aikin. Ya ce ya taɓa hango irinsu guda shida a bayan ofishin ayyuka na gunduma, ciyawa ta rufe su, amma bai san wa ake tambaya ba.

Malam Tsari ya tashi zaune. Ya san bututun nan. Ya jawo kwali na huɗu ya yi ta tono har ya zaro wani fayil da ya yi ja don tsufa. Shekara tara da suka wuce an sayo su don wani aikin hanya, aka kafa kwamitin da zai yanke inda za a sa su, kwamitin ya zauna sau biyu ya watse. Ya duba ƙasan takardar ya ga sa hannun sakataren kwamitin, da 'yar lanƙwasar nan da yake alfahari da ita.

"Wa ya ajiye su a can?" Yaya ta tambaya.

"Wani ne," ya ce. "Na san shi sama-sama."

Washegari ya tafi ofishin ayyuka. Masinja ya nuna masa wani dogon benci a baranda, ya zauna tsakanin wata tsohuwa da ta zo maganar rijiya da wani mutum da ya zo maganar fili. Ya taɓa wuce irin wannan benci sau dubu, bai taɓa sanin haka yake da tauri ba. Bayan awa uku aka shigar da shi wurin wani matashin jami'i mai sabon agogo. Jami'in ya saurare shi da rabin kunne, ya ce, "Baba, ka san komai yana da tsari. Za a duba. Ka dawo jibi."

Malam Tsari ya ji dariya ta taso masa, da kyar ya danne ta. Har yadda yaron ya ɗora biro a kan fayil ya tura shi gefe, sak yadda shi ma yake yi a zamaninsa.

Sai dai a wannan fage ba a yi masa wayo. Bai jira jibi ba, washegari ya dawo da takardar neman izini kwafi uku, ya kawo lambar tsohon fayil da ranar da aka buɗe shi. Ya san cewa ba jami'in ne ke motsa takarda ba, magatakardar da ke ɗakin baya ce, don haka ya je ya gaishe ta da kyau, ya tambayi lafiyar ƙafarta da ya ga tana ja. Ya san ranar da babban injiniya ke zama a ofis da ƙofar da yake fita in yana gudun mutane, ya tsaya masa a nan. Sau bakwai ya yi sawu. A zuwa na biyar ma sai da ya rubuta wa tsohuwar nan takardar rijiyarta, don ya gaji da ganin ana juya ta. A na bakwai injiniya ya sa hannu, yana cewa, "Baba, don Allah ku kwashe su, macizai ma suke tara mana."

Mai tarakta ya yi sawu uku ya kawo su. Kwana goma sha biyu ana aiki. Mai walda ya ɗaure rodi, birkila ya ja igiya ya gwada, mata suka yi ta jido ruwa da yashi, waɗanda ba su da ƙarfi suka kawo abinci. Malam Tsari ya zo ranar farko da niyyar duba aiki, Yaya ta ɗora masa kwanon yashi a ka. Ya yi sawu huɗu bayansa ya riƙe, aka zaunar da shi a inuwa aka ba shi gadin buhunan siminti kada awaki su hau. Ya yi gadin tsakani da Allah, akuya ko ɗaya ba ta hau ba.

Kamfanin yarinyar nan bai sake waiwayarsu ba. Amma mako biyu da gama aiki, wani direban babbar mota da ya saba juyawa a bakin kwarin ya zo ya leƙa kamar kullum, ya sauko ya daddaka sabon kwalbatin da ƙafa, ya koma ya haura a hankali. Kafin ƙarshen kakar motoci uku zuwa huɗu ke shigowa a rana, har wata mata ta kafa rumfar shayi a bakin hanya, mai faci ma ya dawo da kayansa nan.

Wata safiya ana lodi a gonar Yaya, Malam Tsari ya shiga layin masu miƙa kankana. Direban ya dube shi, ya ga furfura da tabarau, ya ɗauka shi ne babba a wurin.

"Baba, wa ya yi muku wannan aiki? Hukuma ce?"

Ya buɗe baki, ya ji dogon bayani na taruwa a maƙogwaronsa, sai ya hango birkila can gefe yana ɗaure igiyar mota.

"Ga wanda ya yi can," ya ce. "Ni bututu na roƙo."

"Auta, ana jiranka!" Yaya ta daka masa tsawa daga bakin layi. Ya juya da sauri, kankanar da aka jefo masa ta daki ƙirjinsa, ya rungume ta da hannu biyu, ya yi taga-taga, amma bai yar ba.