Banɗaki Ɗaya a Bayan Shago

Likita ta miƙa wa Kafinta takardar amincewa da gwaji don ya sa hannu, ya ture ta da bayan hannu, ta faɗa ƙarƙashin gado. Ƙanensa, wanda har yau ake kira Auta duk da furfurar da ta cika masa gemu, ya sunkuya ya ɗauko ta. Shekara talatin suna aiki a shago ɗaya, amma rabon da su yi maganar arziki an fi shekara huɗu.

Kwana tara ke nan da kwantar da Kafinta a asibiti. Zazzaɓi ya yi wata biyu yana cinsa, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi da zarto a hannu.

"Likita, ke kika ce zuciya ce," in ji shi. "Me ya haɗa zuciya da hanji? Ko aiki kuke so ku koya a jikina?"

Likitar ta ja kujera ta zauna. "Baba, ƙwayar cuta ce ta kama ƙofar zuciyarka, wadda jini ke bi. Amma irin wannan ƙwayar a hanji take zama. In muka same ta a jini, sau da yawa akwai ƙari ko gyambo a hanjin, ta nan ta samu hanya. Shi ya sa muke so mu zura kyamara mu duba."

"Ta ina?"

Ta gaya masa. Ya ja tsaki mai tsawo, har majinyacin gadon kusa ya waiwayo.

"Da girmana? Gara a mayar da ni gida in mutu."

"Ka taɓa ganin jini a bayan gida?"

"Ban taɓa ba."

"Ƙarya yake yi," in ji Auta, idonsa a kan bango. "Banɗaki ɗaya muke shiga a bayan shago, tun bara nake gani. Ga rama. Da idona na ga ya ƙara wa bel ɗinsa huji biyu da ƙusa."

Kafinta ya yunƙura zai tashi, robar ƙarin ruwa ta riƙe masa hannu.

"Au, ashe aikin da kake yi ke nan? Shi ya sa kujerunka ke fita a karkace! Tun bara kana gani, ka yi shiru kana jira in mutu ka gaji shago."

"Da na yi magana, Yaya, da guduma za ka jefe ni."

"Fita min daga ɗaki, munafuki!"

Auta ya ɗauki hularsa. Ya kai bakin ƙofa ke nan likitar ta dakatar da shi.

"Uwa ɗaya uba ɗaya kuke?"

"Haka aka ce," in ji Kafinta.

"To, in muka samu ƙari a hanjinsa, kai ma sai mun duba ka. Abin yakan bi jini."

Auta ya tsaya da hula a hannu. "Ni lafiyata ƙalau."

"Da kyamarar nan dai?" Kafinta ya tambaya a hankali.

"Ita dai."

Kafinta ya daɗe yana kallon ƙanensa, tun daga gemu har takalmi. Sannan ya miƙa hannun da babu allura.

"Likita, ba ni biro."